Gwangwani Mai Hoton Mangwaro

Juma'a, 5 ga Oktoba, 2018, ƙarfe huɗu na yamma

Edwin ne ya sa ni wannan rubutun, don haka in shirme ne, shirmensa ne. Yau da muka taso daga coci wani abokin aikinsa mai mota ya kai mu shagon nan na can bayan Ajman, inda ba a tambayar mutum katin izinin sayen giya. Ni ba ni da katin, Edwin ma ba shi da shi. Na miƙa hannu zan ɗauki irin wadda na saba sha tun ina Zonkwa, sai ya riƙe min hannu a gaban jama'a.

"Haba Oga Gwamna! Shekara nawa kana shan abu ɗaya? Ga kwali mai haɗe-haɗe. Kala shida, kowace biyu-biyu. Ƙananan kamfanoni ke yin ta da hannu, ba irin ta inji ba."

Na ce masa in giyar hannu ce, ai kakata ta shekara arba'in tana dafa burkutu da hannunta, kuma ba ta taɓa zana kare mai tabarau a jikin ƙwaryarta ba. Ya ce ban waye ba. A mashayar otal yake aiki, kullum yana zuba wa Turawa, shi ya sa yake ji kamar a Landan aka yanke masa cibiya. Hujjarsa ita ce in ka sayi mai haɗe-haɗe za ka ɗanɗana komai, ka gane wadda kake so, gaba ka saye ta ita kaɗai. Ni kuma na ce kuɗin goma sha biyu za ka biya, ka so uku, sauran su zauna suna kallonka. Ga tsada. Duk da haka na saya, don bakinsa ya fi nawa kaifi. Muka yi sharaɗi in rubuta ra'ayina a kan kowace, in kwalin ya ƙare mu ga wa ya yi gaskiya.

To ga ta farko, mai hoton karen. Ɗaci kamar shuwakar da ba a wanke ba. Edwin ya ce haka ake so. Na ce wa ke so? Shi ya ɗauki wata ja a cikin kwalin ya sha, yana ta lumshe ido kamar mai addu'a.

A jakar kayan aikina muka shigo da kwalin, saboda Sualah da matarsa Zakiya. Su ke da babban ɗaki a filat ɗin nan namu na Al Nahda, a nan ƙasar Larabawa, ni da Edwin muna ƙaramin. Mutanen Kumasi ne, Musulmi, shekara uku muna tare ko sa-in-sa ba mu taɓa yi ba. Tun ranar farko magana ɗaya muka yi da Sualah: abin da za mu sha ya tsaya a ɗakinmu, kada ya leƙa kicin. Khalas, in ji Larabawa, ba a sake tayar da ita ba.

Asabar, 6 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Ƙaramin firijin ɗakinmu ya mutu. Abin kunya. Ni mai gyaran AC ne, yini nake ina sanyaya gidajen mutane, nawa firijin wata biyu yana tari ban buɗe bayansa ba.

Ta biyu, mai hoton mangwaro. Gwangwanin ruwan ɗorawa ne, ga mangwaro yankakke da ganyensa, kai ka ce lemon yara. Inda aka rubuta giya ce sai ka kawo ido kusa za ka gani. Na kurɓa. Kai! Tsami kamar kunun da ya kwana uku. Rabi na juye a banɗaki. Na kira Edwin a wurin aiki na ce ga abin da nake faɗa maka, yanzu ga 'yar'uwarta nan zaune, wa zai sha? Ya ce ai da sanyi ake shan ta, in sanyaya masa ɗayar, in ya dawo zai nuna min yadda ake yi.

Na kai ta firijin kicin. Kowa da hawansa a ciki, nawa kuwa tukunyar miya ta cinye shi, sai na tsayar da ita a jikin ƙofar. Dokar Zakiya ce a gidan nan: hawa na mai shi ne, ƙofa ta kowa ce. Abin da ya yi maka yawa ko ka gaji da shi, ka sa a ƙofa, wanda ya ga dama ya ɗauka, ba tambaya, ba godiya. Ta nan nake samun yajin nan nata da suke kira shito, ta nan Sualah ke samun lemon da Edwin ke kwasowa daga otal. Na san dokar sarai. Awa ɗaya ce kawai, ta yi sanyi in cire. Sun ma fita ziyara, ba kowa a gidan.

Lahadi, 7 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana, kan rufin wani gini a Al Buteen

Ina tsakiyar kwance fankar inji na tuna. Na tura wa Edwin saƙo, ka ɗauka? Ya ce me? Ya ce da ya dawo wanka ya yi ya kwanta, bai ko shiga kicin ba.

Rana kamar za ta sauko. Saura inji huɗu.

Ranar dai, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Ba ta a ƙofar. Na duba bayan kwalbar shito, na duba kwandon shara.

Sualah da asuba yake fita da motar kamfaninsu, yana raba burodi a shagunan Sharjah, ƙarfe uku yake dawowa. Bai dawo ba. Wayarsa a kashe. Zakiya ta zuba masa abinci ta rufe da faranti.

Litinin, 8 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Abdul-Jalil ya zo. Shi ne babba a ƙungiyar 'yan Kumasi na nan, gadi yake yi a Hor Al Anz. Ko takalmi bai cire ba ya fara bayani. Wata mota ce ta bugi ta Sualah ta baya a cikin cunkoso. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya ji ciwo. 'Yan sanda suka zo rubuta takarda, ɗaya ya leƙa ya ga gwangwani a buɗe kusa da sitiyari, an sha rabi. Aka ba shi abin gwaji ya hura. A Sharjah fa, inda ko kwalbar ba a yarda a gani ba. Musulmi, direba, a bakin aiki. Yana hannunsu.

Zakiya ta yi dariya tukuna. "Sualah? Sualah da ko hayaƙin sigari ba ya so?" Da ta ga Abdul-Jalil bai yi dariya ba sai ta zauna a hannun kujera. Can ta juyo wurina.

"Bra Gwamna, don Allah kada ka ji haushi. Ba a ɗakinku ya samu ba?"

"Ɗakinmu kullum a kulle yake, Anti Zakiya."

Gaskiya ne kuma, a kulle yake.

"Yoo," ta ce. "Ka yi haƙuri da na tambaya."

Na ce ba komai. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Na shigo ɗaki na cire safa.

Talata, 9 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Ta uku, jiya da yamma. Baƙa, mai ƙamshin kofin da ya ƙone. Da zafinta na sha. Ba laifi.

Laraba, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Edwin ya ƙure AC ɗin ɗaki don kada a ji mu, sannan ya fara raɗa. Ya ce in kama bakina. Ya ce ba mu da kati, mun ratsa Sharjah da kwalin a mota, kuma ga shi ta faɗa hannun Musulmi, wannan laifi uku ke nan a jere.

"Ba za su sake shi don sun kama ka ba, Oga. Mutum ɗaya aka rasa, kana so a rasa uku? Har da mai motar da ya yi mana alheri?"

Ban ce masa zan yi magana ba, ban kuma ce ba zan yi ba. Shi kaɗai ya yi ta gardama da kansa har ya gaji.

Ya ce a rabu da sauran yau ɗin nan. Saura bakwai. Na ce a kai su ina? Mai gadin ginin nan ba jakar sharar da ba ya buɗewa, yana neman gwangwanin sayarwa. Edwin ya rantse ba zai ƙara taɓa ko ɗaya ba. To ni zan riƙa sha ɗaya-ɗaya, in take gwangwanin da ƙafa, in sa a jakar aiki, in yar a can wata unguwa. Na ce masa ai kai ka ce a ɗanɗana komai. Ya ce ba lokacin wasa ba ne. Ni ba wasa nake ba.

Alhamis, 11 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Ta huɗu, mai alkama. Ba ta da haske, ta yi kama da burkutu in an tace. Ita ce mai dama-dama zuwa yanzu.

Zakiya tana waya a kicin tun ɗazu, da Twi, yarensu.

Juma'a, 12 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

A coci da aka ce mai roƙon addu'a ya ɗaga hannu, na ɗaga. Na ce maƙwabcina yana cikin matsala. Aka yi masa addu'a da ƙarfi, wata mata har da hawaye. Ni ina kallon AC ɗin da ke saman kan fasto, yana ɗigar ruwa, bututunsa ya toshe.

Matata Louisa ta kira daga gida ta bidiyo, tana sanye da zanen Zumuntar Mata, daga taro take. "Baban Patricia, fuskarka ta faɗa. Ba ka cin abinci ne?" Na ba ta labarin Sualah, iya wanda Abdul-Jalil ya ba mu. Ta dafe ƙirji. Ta ce Allah sarki, giya ba ta bar kowa ba, ita dai kullum tana gode wa Allah da ya raba ni da ita kafin in taho. A gaban fastonmu na yi mata wannan alkawarin, shekara huɗu ke nan. Na ce mata ba na jin ta sosai, layi ba kyau.

Tsoro nake ji. Tsoron a sa ni a jirgi, in sauka Kaduna hannu biyu, Louisa ta ji dalili a bakin mutane. Shi kaɗai nake ji, shi ma ba kullum ba.

Lahadi, 14 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Inji shida. Ba labari.

Ta biyar, mai sauƙi, irin tamu ta gida ce sak, sai dai gwangwanin ya fi kyau. Wato na tafi har bayan Ajman na ƙara kuɗi don in sha abin da na ce tun farko zan saya.

Talata, 16 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Abdul-Jalil ya dawo da bayani daga lauyan da ƙungiyarsu ta samo. Sualah ya ce wani ne ya miƙa masa gwangwanin a wurin sauke burodi, bai san shi ba. Ya ce ya zaci lemo ne, da ya ji tsami ya ɗauka zafi ne ya lalata shi, ya sha rabi don ƙishi ya ajiye. Lauyan ya ce wannan labarin kowa shi yake bayarwa, ba mai saurara. Amma da mai gwangwanin zai fito ya ce nasa ne, kuma Sualah bai san abin da ke ciki ba, da wataƙila a sassauta. Wataƙila, in ji shi. Ranar ashirin da biyar ga wata za a shiga kotu.

Kwana biyu ke nan Abdul-Jalil na bin shagunan Sharjah ɗaya bayan ɗaya, bayan ya tashi daga gadi, yana tambayar wa ya ba direban burodi abin sha.

"Massa, dubi ƙafafuna," ya ce min. "Kowa sai ya ce ma'a salama, ya juya baya."

Na ɗebo masa ruwan sanyi. Ya sha ya sa min albarka.

Sualah da hannunsa ya buɗe firijin nan. Ya san inda ya ɗauka, ya san mutum biyu ne kawai za su iya ajiyewa.

Ta shida, ja. Zaƙi-zaƙi, ɗaci-ɗaci, ba ta san inda ta dosa ba.

Alhamis, 18 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Kullum yanzu sai na tarar da kwano a kan tebur, shinkafa da wake irin tasu, da shito, da ƙwai. Zakiya ta ce hannunta bai iya girkin mutum ɗaya ba, in taimake ta in ci. Ina ci.

Yau ta zauna ina ci. Daga wurin aikinta take, gidan renon yara, ko rigar aikin ba ta cire ba. Ta ce akwai abin da ban sani ba. Ta taɓa aure kafin Sualah. Wancan ma salla ba ta wuce shi, sai ranar da ta tsinci kwalba a cikin buhun gawayi. Ya rantse ba tasa ba ce. Bayan shekara biyu ya karya mata hannu. Ta nuna min wurin, ƙashin ya ɗan karkace.

"Abu ɗaya na tambayi Sualah kafin in yarda da shi, Bra Gwamna. Abu ɗaya tak."

Na ce wataƙila gaskiya yake faɗa. Ta ce wane irin mutum ne zai miƙa wa direba giya da sassafe a Sharjah? Na ce ban sani ba.

Labarin ya isa zangonsu a Kumasi, wani ɗan ƙungiya ne ya kai. Mahaifiyar Sualah, Mma Halima Sa'adiya, ta daina fita kasuwa saboda bakin mutane. Na cinye abincin tas, na wanke kwanon.

Asabar, 20 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na gyara ƙaramin firijin. Wani ɗan ƙarfe ne ya ƙone a jikin injin, irinsa uku ne a jakata tun bara. Minti goma sha biyar.

Na zauna a ƙasa ina jin ƙararsa. Na daɗe a haka.

Da yamma

Mai alkama ta biyu, da sanyinta. Ta yi daɗi ƙwarai. Edwin ya yi gaskiya a kan sanyi. Na rubuta ne don aikin littafin ke nan.

Litinin, 22 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Sualah ya kira daga inda ake tsare da shi. Minti uku suke ba su. Zakiya ta ajiye wayar a kan tebur ta buɗe murya, ina tsaye a bakin kicin.

"Sualah, ka faɗa min gaskiya. Ina ka samu?"

"Zakiya, ba maganar waya ba ce. Ki yi haƙuri."

"Haƙuri? To ka sha ke nan."

Ana ta hayaniya a bayansa, wani na cewa yalla, yalla. Sai ya ce, "Mai girma Gwamna yana nan?" Haka yake tsokanata kullum.

"Ina nan, Malam Sualah."

"Ya aiki? Ka duba min gida, chale. Kada ka damu da komai, ka ji?"

Layin ya yanke. Zakiya ta ce ka gani, ni ba zai ba ni amsa ba, amma yana da lokacin gaisuwa.

Baƙa ta biyu. Ban ji ɗanɗanonta ba.

Laraba, 24 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na ce wa ogana ba ni da lafiya. Na sa farar riga, na ɗauki katin zamana, na taka har filin yashin nan da ke tsakanin Al Nahda tamu da ta Sharjah, inda ake hawan motocin hayar Sharjah, masu kala daban da namu. Daga nan mota ɗaya ce zuwa ofishin lauyan, Abdul-Jalil ya taɓa faɗin sunan ginin. Na tsara abin da zan ce tun a lif.

Na sayi shayin karak na sha a tsaye. Motoci uku suka tsaya, na ce su wuce. Na sayi wani shayin.

Sai wayata ta yi ƙara, daga wurin aiki. AC ɗin wani ƙaramin asibiti ya tsaya, ba kowa kusa, ko zan iya daurewa? Na ce zan iya. Daɗi na ji da wayar ta yi ƙara. Wannan ma gara in rubuta.

Alhamis, 25 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

An shiga kotu. An ce sai Lahadi.

Mai sauƙi ta biyu. Saura ɗaya.

Lahadi, 28 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

An ci Sualah tara, an karɓe lasin tuƙi, kamfani ya soke bizarsa. Daga can za a wuce da shi filin jirgi, ba zai sake shigowa filat ɗin nan ba. Shekara tara yana tuƙi a ƙasar nan. Abdul-Jalil ya faɗa a tsaye ya tafi.

Edwin ya haɗa kayansa, ya samu gado a Hor Al Anz, wai ya fi kusa da wurin aikinsa. Bai fi kusa ba. A bakin ƙofa ya ce, "An gama, Oga. Khalas. Ka manta." Na ce ba ka tambayi sakamakon kwalinka ba. Ya dube ni kamar na haukace, ya ja akwatinsa.

To ga sakamakon, ko ba mai tambaya. Cikin kala shida, mai alkama ce kaɗai zan sake saya da kuɗina. Baƙar ba laifi. Mai sauƙin ba sabon abu ba ce. Ja ba ta da alƙibla. Mai karen ga ta nan ita kaɗai a firiji, ba mai so. In mutum bai san abin da yake so ba, kwalin zai koya masa, wannan na yarda da Edwin. Amma sau biyu suke ba ka kowace, har wadda ka tofar, kuma dole ka nemi inda za ka ajiye ta biyun. Ba su rubuta wannan a jikin kwalin ba. Bai cancanci saye ba.

Na ci gardamar. Na buɗe mai karen na juye a banɗaki.

Talata, 30 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Zakiya ta roƙe ni in sauko mata da akwatin Sualah daga saman kwaba. Na sauko da shi. Tana ninke rigunansa tana jerawa, Abdul-Jalil zai kai masa filin jirgi ranar Asabar. Na tambaye ta ita yaushe za ta bi shi.

"Ba zan bi shi ba. Bizata ta wurin aikina ce, ina nan. Na gaya wa babana ya karɓo min takardata."

Na ce Anti Zakiya, saki fa?

"Ba don abin da ya sha ba, Bra Gwamna. Don shekara biyar yana kallon idona yana ɓoyewa. Na yi wannan zaman sau ɗaya, ba zan sake ba."

Ta ce in danna mata akwatin ta ja zif. Na danna.

Laraba, 31 ga Oktoba, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Na faɗa.

Ba shiri na yi ba. Na dawo na same ta a kicin, ta ce babanta gobe zai aika mutane gidan su Sualah. Ta zuba abinci ta miƙo min kamar kullum, na karɓa. Ina riƙe da kwanon na ce, "Anti Zakiya, ni na sa ta a ƙofar firiji."

Ba ta gane ba, sai da na ɗauko daga farko. Kwalin, hoton mangwaron, firijin ɗakinmu, awa ɗayan da na ce. Muryata kamar ina yi wa mai gida bayanin abin da ya lalace a injinsa.

Ta kashe wuta. Ta wanke hannu, ta goge a zaninta.

"Ran nan na tambaye ka."

"Kin tambaye ni."

"Har na ba ka haƙuri."

"Kin ba ni."

"Kwana ashirin da uku kana cin abincina, Bra Gwamna."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko wayarta ta ce ita ta ji, amma Kumasi ba su ji ba. In faɗa da bakina, da cikakken sunana, da garinmu, ta ɗauki muryar. Na faɗa. Ta ce in sake, Mma ba ta ji sosai. Na sake, na ce kuskure ne ya faru. Ta tsayar. "Ba kuskure ne ya faru ba. Ka ce ni na sa." A na ukun ta bari na kai ƙarshe. Ta tura wa babanta, ta tura wa Mma Halima Sa'adiya, ta tura zauren ƙungiyarsu. Yanzu muryata na cikin waya fiye da ɗari. Inda za ta tsaya ban sani ba.

Abdul-Jalil ya kira nan take, ta ba ni. Na tambaye shi ko in na je gobe za a iya canza wani abu. Ya ce, "Massa, da makon jiya ne." Ya kashe.

Ba mu motsa daga kicin ba saƙo ya shigo. Tsohuwar ce. Zakiya ta kunna, ta kawo wayar daidai fuskata. Kuka take, ana jin yara a bayanta.

"Ɗana, ban san ka ba, amma Allah ya san ka. Ka wanke min yarona. Gobe zan fita kasuwa. Allah ya yi maka albarka, ya raya maka 'ya'yanka, ya rufa maka asiri duniya da lahira. Medaase, ɗana, medaase."

Minti biyu tana sa min albarka. Zakiya ba ta sauke hannu ba har ta gama.

"Ka ji? Godiya take maka. Ka ce amin mana."

Na ce amin. Sai a lokacin kuka ya zo min, a tsaye, da kwanon abincinta a hannuna, kuma ba ta ce in yi shiru ba.